Elijah Harper: Yadda "A'a" Ɗaya Ta Tsayar da Gyaran Kundin Tsarin Mulkin Kanada

Ranar 12 ga Yuni, 1990, a zauren majalisar dokokin lardin Manitoba da ke birnin Winnipeg, kakakin majalisa ya nemi jin ko wakilai sun amince firimiya Gary Filmon, wato shugaban gwamnatin lardin, ya gabatar da wani ƙuduri ba tare da an jira cikar wa'adin sanarwa ba. Irin tambayar nan ce da akan yi a wuce, domin da wuya a samu mai ɗaga murya. Ran nan kuwa sai aka samu. Wani wakili daga kujerun adawa, mutum mai sanyin murya da doguwar suma ɗaure a ƙeya, ya ce a'a. Washegari ya sake faɗa. Haka ya ci gaba duk lokacin da aka maimaita tambayar, har aka saba ganinsa zaune a kujerarsa da gashin mikiya a hannu. Kwana goma bayan a'ar farko, yarjejeniyar Meech ta gyaran kundin tsarin mulki da firaministan Kanada da shugabannin lardunan ƙasar suka shafe shekara uku suna lallaɓawa ta mutu murus.

Sunan wakilin Elijah Harper. Ya rasu ranar 17 ga Mayu, 2013, yana da shekara 64, kuma duk lokacin da ake tunawa da shi hoton gashin mikiyar nan ake fara ɗagawa. Sai dai hoton ba ya bayyana yadda mutum ɗaya a cikin wakilai 57 na majalisar lardi guda ya iya taka wa ƙasa baki ɗaya burki. Amsar tana cikin ƙa'idojin gyaran kundi, da ƙa'idojin zaman majalisar Manitoba, da lissafin kwanaki. Wanda bai bi waɗannan uku ba zai ɗauka sa'a ce ko taurin kai, alhali shiri ne na mutanen da suka karanta dokar da aka rubuta ba da su ba, suka gano inda take da ƙofa.

Su wane ne 'yan asalin, shi kuma wane ne

A Kanada idan aka ce 'yan asalin ƙasa ana nufin al'ummomin da Turawan Faransa da na Ingila suka tarar a ƙasar. Kundin tsarin mulki ya kasa su uku: waɗanda yau ake kira Al'ummomin Farko, da Inuit na can arewa mai ƙanƙara, da Metis waɗanda suka samo asali daga auratayya tsakanin 'yan ƙasa da Turawa 'yan fataucin fatu. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kusan miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Tun 1876 wata doka ta gwamnatin tarayya ke juya rayuwar Al'ummomin Farko: ita ke faɗin wanda za a yi wa rajista, da yadda za a zaɓi sarki, da yadda za a tafiyar da filayen da aka keɓe musu. Sai a 1960 suka samu damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu ba.

An haifi Harper ranar 3 ga Maris, 1949, a Red Sucker Lake, ƙauyen al'ummar Oji-Cree a arewa maso gabashin Manitoba, inda ba a shiga sai ta jirgin sama ko ta hanyar ƙanƙara a lokacin hunturu. Kamar yara kusan 150,000 na 'yan asali, an raba shi da gida aka kai shi makarantun kwana da gwamnati ke biya coci-coci su gudanar, waɗanda manufarsu ita ce raba yaro da harshensa da al'adarsa. Ya yi zama a na Norway House da Brandon da Birtle. Daga baya ya yi karatu a Jami'ar Manitoba, ya koma gida, aka zaɓe shi sarkin al'ummarsa a 1978 yana ɗan shekara 29. A 1981 ya ci kujerar mazaɓar Rupertsland a ƙarƙashin jam'iyyar New Democratic Party (NDP), ya kuma riƙe muƙamin minista, ciki har da na harkokin arewacin lardi, a gwamnatin Howard Pawley.

Akwai wata gyara da ya kamata a riƙe. Akan ce shi ne ɗan asali na farko a majalisar Manitoba, amma Metis sun daɗe da shiga, har John Norquay ya zama firimiyan lardin a 1878. Abin da Harper ya zama na farko a kai shi ne shiga majalisar a matsayin ɗan Al'ummomin Farko mai rajista, wanda kakanninsa suka ƙulla yarjejeniya da masarautar Ingila. Kuma ba shi da dangantaka da Stephen Harper, firaministan da ya nemi gafara kan makarantun kwana a 2008. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tushen rikicin

A 1982 Kanada ta karɓo ikon gyara kundinta daga majalisar Birtaniya. Larduna tara suka amince, Kwibek mai rinjayen masu jin Faransanci ta ƙi. Kundin ya hau kanta duk da haka, amma rashin sa hannunta ya zama ciwon da ke damun siyasar ƙasar. Brian Mulroney, da ya zama firaminista a 1984, ya ɗauki alƙawarin warkar da shi. Firimiyan Kwibek Robert Bourassa ya kawo sharuɗɗa biyar: a amince Kwibek al'umma ce ta daban, a ba ta ikon hawa kujerar na ƙi kan wasu gyare-gyaren kundi, a ƙara mata iko kan shigowar baƙi, a ba ta damar fita daga shirye-shiryen tarayya tare da biyan ta diyya, a kuma sa bakinta wajen naɗa alƙalan kotun ƙoli. Ranar 30 ga Afrilu, 1987, Mulroney da firimiyoyi goma suka kulle kansu a wani gidan gwamnati da ke bakin Tafkin Meech, suka fito da yarjejeniya. Ranar 3 ga Yuni suka kammala rubutun a Ottawa, babban birnin ƙasar.

Abin da ya ƙona wa 'yan asali rai yana cikin kalanda. Sashe na 35 na kundin 1982 ya amince da haƙƙoƙinsu "da suke akwai", amma bai fayyace su ba. Don a fayyace aka yi taruka huɗu da shugabanninsu, a 1983 da 1984 da 1985 da kuma Maris na 1987. Babbar buƙatarsu ita ce a rubuta haƙƙinsu na mulkin kai. Wasu firimiyoyi suka ce ba za su sa hannu kan kalmar da ba a san iyakar ma'anarta ba, taron ƙarshe ya watse hannu rabbana. Wata ɗaya tak bayan haka, waɗannan firimiyoyin suka amince da "al'umma ta daban" ga Kwibek a zama guda, kalmar da ita ma ba wanda ya fayyace ta.

Rubutun kansa ya ƙara gishiri a miki. Ya ce zaman masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci siffa ce ta asali ta Kanada, bai ambaci waɗanda suka riga su duka zama a ƙasar ba. Ya kuma mayar da ƙirƙirar sabon lardi abin da sai kowane lardi ya yarda, wanda hakan ya kusan toshe wa yankunan arewa, inda 'yan asali ke da yawa, hanyar zama larduna. Masu kare yarjejeniyar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: akwai sashe a ciki da ya ce batun al'umma ta daban ba zai taɓa haƙƙoƙin 'yan asali ba, kuma wannan zagaye na Kwibek ne, nasu na tafe. A bisa doka ma ba a karya komai ba, domin gyaran 1983 ya wajabta gayyatar 'yan asali ne kawai idan za a taɓa sassan da suka shafe su kai tsaye. Amma wanda aka ce wa "naka na tafe" sau huɗu ya ga ba komai, ba zai sake sayen wannan magana ba.

Tarkon da masu yarjejeniyar suka ɗana wa kansu

Nan ne gundarin lamarin. Kundin Kanada yana da manyan hanyoyi biyu na gyara. Ta farko, a sashe na 38, tana buƙatar majalisar tarayya da majalisun larduna bakwai cikin goma waɗanda jama'arsu ta kai rabin ta ƙasar. Wannan hanya tana da wa'adi: daga ranar da majalisa ta farko ta zartar da ƙudurin, shekara uku ake da ita. Ta biyu, a sashe na 41, ta shafi manyan abubuwa irin su tsarin kotun ƙoli da ita kanta hanyar gyaran kundi. Tana buƙatar dukkan larduna goma, amma ba ta da wa'adi.

Yarjejeniyar Meech tana ɗauke da abubuwa daga kowane ɓangare, kuma aka ɗaure su a ƙunshi ɗaya, aka ce ba a warware shi. Sakamakon haka ta kwashi wahalar hanyoyin biyu a lokaci guda: sai kowa ya yarda, kuma cikin shekara uku. Majalisar Kwibek ta zartar ranar 23 ga Yuni, 1987, agogo ya fara bugawa, ranar 23 ga Yuni, 1990 ta zama iyaka.

Shekara uku a siyasa doguwar tafiya ce. Sa hannun firimiya ba ya ɗaure majalisarsa, balle wanda zai gaje shi. Kafin wa'adin ya cika an yi zaɓe a larduna da dama, uku daga cikinsu suka sauya hannu zuwa ga masu ƙorafi. Frank McKenna ya karɓi New Brunswick a 1987. A Manitoba gwamnatin Pawley ta faɗi a 1988, Filmon ya hau da kujeru 25 kacal, jam'iyyar Liberal ta Sharon Carstairs mai adawa da yarjejeniyar tana da 20, NDP tana da 12. Clyde Wells ya karɓi Newfoundland a 1989, kuma a Afrilun 1990 majalisarsa ta janye amincewar da ta bayar tun farko.

Sai a farkon Yunin 1990 Mulroney ya sake tara firimiyoyi a Ottawa. Suka yi mako guda a ɗaki a rufe, ranar 9 ga wata suka fito da matsaya: a zartar da Meech yadda take, sauran ƙorafe-ƙorafe, har da na 'yan asali, a duba su a tarukan gaba. Saura kwana 14. A wata hira da jarida da aka buga a makon, Mulroney ya nuna cewa da gangan ya ja lokaci zuwa dab da wa'adi, ya kwatanta abin da jefa caca. Maganar ta fusata mutane da yawa, musamman a lardunan da ba su zartar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ya bari sai da aka ɗaura kaya.

Kwana goma sha ɗaya a Winnipeg

New Brunswick ta zartar ranar 15 ga Yuni. Saura Manitoba da Newfoundland. Shugabannin jam'iyyun Manitoba uku, Filmon da Carstairs da Gary Doer na NDP, duk sun yarda a kawo ƙudurin zaure, saboda haka ƙuri'a ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce hanyar da za a bi a kai ga ƙuri'ar.

Ƙa'idojin majalisar sun tanadi matakai. Ƙuduri sai an ba da sanarwarsa ta kwana biyu kafin a gabatar. Idan na gyaran kundi ne, an ware masa kwana goma na zaman muhawara. A tsakiyar muhawarar kuma dole a miƙa shi ga kwamiti ya saurari jama'a, duk wanda ya yi rajista yana da damar magana. Daga 12 zuwa 23 ga wata kwana 11 ne, har da Asabar da Lahadi. Lissafin ba ya fita sai an tsallake wasu matakai, an kuma yi zama dare da ƙarshen mako. Majalisa tana iya jingine ƙa'idarta, amma da sharaɗi ɗaya: kada ko mutum ɗaya ya ƙi. Wannan sharaɗin shi ne ƙofar da Harper ya tsaya a bakinta.

Ba shi kaɗai ya tsara abin ba. Majalisar Sarakunan Manitoba a ƙarƙashin Phil Fontaine ce ta tsaya masa, tare da Ovide Mercredi, wani jagoran Al'ummomin Farko, da lauyoyi, ciki har da Gordon Mackintosh wanda ya taɓa aiki a ofishin akawun majalisar, ya san ƙa'idojinta ciki da bai. A'ar farko ta tilasta wa gwamnati jiran kwana biyun sanarwa. Ranar 14 ga wata, da gwamnati ta zo gabatarwa, Harper ya miƙe ya ja hankalin kakaki cewa ba a shigar da sanarwar a takardar ayyukan majalisa yadda ƙa'ida ta ce ba. Kakaki Denis Rocan, wanda ɗan jam'iyyar gwamnati ne, ya tafi ya duba, ya dawo ya ce Harper ke da gaskiya. Aka koma farko. Wannan hukunci ya fi kowace a'a tsada ga gwamnati, domin sai ranar 20 ga wata ƙudurin ya samu shiga zaure, saura kwana uku.

A waje kuma ana cika rajistar masu son magana gaban kwamiti. Sama da mutum 3,000 suka rubuta suna, da yawansu 'yan asali. Ko minti goma-goma aka ba mutum 3,000, awa 500 ke nan, wato fiye da kwana 20 ana zaune ba dare ba rana. Ottawa ta matsa wa Filmon ya yi amfani da rinjaye ya datse muhawara da sauraron jama'a, bai yi ba. Gwamnatinsa ba ta da rinjayen kanta, kuma hana 'yan asali magana a kan yarjejeniyar da laifinta shi ne rashin jin ta bakinsu abu ne da ba ɗan siyasar lardin da zai so ɗauka.

Mulroney ya aiko da tayi mai alƙawura shida ta hannun Sanata Lowell Murray, ciki har da kafa babban kwamitin bincike kan halin da 'yan asali ke ciki. Sarakunan suka ƙi, domin tayin bai canza ko harafi ɗaya a rubutun Meech ba. Ranar 21 ga wata dubban mutane suka cika harabar majalisar da ganguna da waƙoƙi. Ranar Juma'a 22 ga wata, da lokacin tashi ya yi da rana, aka nemi amincewar kowa a ci gaba da zama. Harper ya ce a'a. Majalisa ta tashi ba tare da ƙuri'a ba.

Shi kaɗai ya kashe ta?

A'a, kuma adalci ne a faɗi haka. Ottawa tana da dabara ta ƙarshe: ta nemi kotun ƙoli ta yarda a fara lissafin shekara ukun daga ranar da lardi na biyu, Saskatchewan, ya zartar a Satumban 1987, wanda zai ba Manitoba ƙarin wata uku. Amma ta ce ba za ta je kotu ba sai Newfoundland ta fara zartarwa. Wells ya ga an jibga masa nauyin duka, ya soke ƙuri'ar da aka shirya a ranar. Gwamnatin tarayya ta fi ɗora masa laifin, wataƙila don zargin firimiya ya fi sauƙi a siyasance a kan zargin ɗan asalin da jama'a suka riga suka tausaya wa. Ga kuma ra'ayin jama'a a wajen Kwibek da ya riga ya juya wa yarjejeniyar baya. Harper dai shi ne ya cinye kwanakin da babu wanda ke da ikon mayar da su, kuma shi ne ya sauya tambayar da ake yi. Kafin shi ana tambayar ko Kwibek za ta samu abin da take so. Bayan shi aka fara tambayar su wa aka bari a waje. Shi da kansa ya sha nanata cewa ba da Kwibek yake faɗa ba, da tsarin da ya mayar da mutanensa saniyar ware yake.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne duka. A Kwibek an ɗauki mutuwar Meech a matsayin wulaƙanci, masu neman ɓallewa suka samu ƙarfi, Lucien Bouchard ya kafa jam'iyyar Bloc Québécois, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 30 ga Oktoba, 1995, kashi 49.4 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa. Saura ƙiris ƙasar ta rabu. Makonni uku bayan Meech kuma rikicin garin Oka da ke Kwibek ya ɓarke tsakanin al'ummar Mohawk da 'yan sanda, daga baya da soja, kan faɗaɗa filin wasan golf zuwa ƙasar da ke da maƙabartarsu. Ya ɗauki kwana 78.

Ribar da aka samu ita ce kujera a teburi. Da aka sake zama a 1992 don wata sabuwar yarjejeniyar gyaran kundi, ta Charlottetown, ƙungiyoyin 'yan asali huɗu na ƙasa suna ciki tun daga farko, kuma rubutun ya amince cewa mulkin kai haƙƙinsu ne na asali, ba kyautar gwamnati ba. Sai ta leƙo ta koma: ranar 26 ga Oktoba, 1992, kusan kashi 54 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka yi watsi da ita. Mafi yawan masu ƙuri'a a yankunan Al'ummomin Farko ma ba su goyi bayanta ba, shi kansa Harper bai mara mata baya ba, duk da Mercredi na cikin waɗanda suka tsara ta. Kwamitin binciken da Mulroney ya yi tayinsa an kafa shi a 1991 ba tare da an biya shi da Meech ba, ya fitar da rahoto a 1996 mai shawarwari 440, waɗanda akasarinsu ba a aiwatar ba. Ikon cewa a'a yana tsayar da abu cikin kwana goma. Gina madadinsa ya koma hannun kotuna da yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya, irin kafa yankin Nunavut a 1999 da yarjejeniyar al'ummar Nisga'a a 2000.

Harper bai tsaya a 1990 ba. Kamfanin dillancin labarai na Canadian Press ya zaɓe shi mutumin da ya fi jan hankali a shekarar, al'ummarsa ta naɗa shi sarkin girmamawa na har abada. A 1993 ya ci kujerar mazaɓar Churchill a majalisar tarayya a ƙarƙashin Liberal, ya yi zango ɗaya. A Disambar 1995 ya kira babban taron addu'a da sulhu a garin Hull da ke Kwibek, ya haɗa dattawan gargajiya da shugabannin coci da 'yan siyasa, kuma kiran da taron ya yi na cikin abubuwan da suka sa aka ayyana 21 ga Yuni ranar 'yan asalin ƙasa daga 1996. A 1999 aka naɗa shi kwamishina a hukumar duba ƙorafe-ƙorafen filaye na Al'ummomin Farko.

Ciwon suga ya daɗe yana cin sa, har ya taɓa ƙoda da zuciya. Da ya rasu a Ottawa, aka kawo gawarsa ginin majalisar Manitoba, jama'a suka yi dogon layi suna wucewa ta gaban akwatin, sannan aka ɗauke shi a jirgi zuwa Red Sucker Lake aka binne. Shekara goma bayan haka, a Oktoban 2023, aka rantsar da Wab Kinew na NDP firimiyan Manitoba, ɗan Al'ummomin Farko na farko da ya shugabanci wani lardi a Kanada. Sashe na 35 kuwa yana nan yadda aka bar shi a 1983, ba a rubuta kalmar mulkin kai a cikinsa ba.